Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Jakadan Birtaniya a Najeriya Kan Lambobin Yabon Sojojin Bama

Mai girma Jakada,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan ofishinka.

Ranka ya daɗe, a gidanmu akwai wani koren akwatin ƙarfe wanda ya girmi mahaifiyata. Kakarmu ce ta riƙe shi har ta rasu, sannan ya dawo hannuna. A cikinsa akwai tsohuwar rigar kaki, da cokali, da wani ɗan littafi da ya yi ja saboda tsufa, wanda gara ta ci gefensa guda. Littafin sallamar kakana ne daga aikin soja. Lambarsa ta soja tana nan raɗau, haka ma bataliyarsa da shekarar da aka sallame shi. Amma gurbin da ake rubuta lambobin yabo fari ne fat, kuma babu inda aka ambaci cewa ya ji rauni a fagen fama. Mutumin nan kuwa ya yi kusan shekara 50 yana jan ƙafar hagu, da ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa. Duk lokacin hunturu muna jin nishinsa daga ɗakinsa idan ya zo miƙewa sallar asuba.

Wannan farin gurbi shi ne dalilin wasiƙata. Na zaɓi in rubuta ta a fili, kuma da Hausa, domin na tabbata akwai irin wannan akwati a gidaje da yawa daga Sakkwato zuwa Yola, har da zangunan Hausawa na Kumasi da Accra. Kuma Hausa ita ce harshen da aka yi wa waɗannan mutane fareti da shi. Hafsoshinku Turawa na rundunar Najeriya sai da suka koye ta, har jarrabawa ake yi musu a kanta. Harshen da aka tura su yaƙi da shi ya isa a nemi haƙƙinsu da shi.

Ba na tsammanin zan koya maka tarihin ƙasarku, amma ka yi haƙuri in ɗan tuna wa masu karatu, domin yaranmu da yawa idan aka ce yaƙin Bama sai su zaci Baman Barno ake nufi. Ƙasar Bama ce ta Asiya, wadda yau ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, an ɗebi 'yan Najeriya sama da 100,000 aikin soja. Wasu sun shiga don kansu, wasu kuwa hakimi ne ya ce wa dagaci ya kawo samari kaza, dagaci ya kawo. Tun kafin Bama, birged ɗin Najeriya ta yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta wuce Harar ta ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, wurin da mota ba ta shiga. Da adda da gatari da shebur suka sare hanya sama da mil 70 a cikin dutse da ƙungurmin daji. Abincinsu da harsashinsu daga sama jirage ke jefo musu, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Akwai dubban sojoji da aikinsu ke nan, dako, kuma da yawansu ko bindiga ba a ba su ba, alhali harsashin Japan bai san wannan bambanci ba. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su ta jirgin sama a bayan sahun abokan gaba. Runduna ta 82, inda kakana yake, ta biyo ta Kalapanzin, rundunonin biyu suka haɗu suka karɓi Myohaung a Janairun 1945, sannan ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da An.

Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da barikin Kalapanzin. Mu mutanen Zariya mun san barikin Chindit. A Legas akwai Dodan da Arakan da An da Tamandu da Myohaung, a Badun akwai Letmauk, a Accra kuma hedikwatar sojan Ghana sunanta Burma Camp. Kullum muna faɗin sunayen nan ga masu acaba da direbobin tasi. An adana sunayen rafuka da ƙauyukan da aka zubar da jinin, ga su nan a allunan bakin ƙofa, amma sunan mai jinin da abin da ya same shi bai cika a takardarsa ba.

A wajen Dalet ɗin nan aka raunata kakana, a farkon 1945. Abin da ya ba mu labari shi ne suna tsallaka wani rafi da sassafe aka yi musu ruwan wuta daga kan tudu. Abokansa suka ɗauke shi a makarar gora kwana biyu kafin a kai inda ake kwashe masu rauni. Daga nan asibiti a Indiya, daga asibiti jirgin ruwa, sai gida. Ya riga bataliyarsa dawowa da watanni da yawa, domin sauran sai a 1946 suka iso. Aka sallame shi shi kaɗai, wani akawu ya cike masa littafi cikin gaggawa, ya karɓi 'yan kuɗinsa ya hau jirgin ƙasa. Lokacin da aka soma raba lambobin yaƙin, shekaru bayan haka, yana ƙauye yana noman gero da gyaɗa. Bai iya boko ba, babu wanda ya karanta masa sanarwa. Ba wanda ya hana shi, shi ma bai san ana nema ba. Abin da ke ci mini rai shi ne raunin da ya fi cancantar da shi, shi ne ya raba shi da sahun da aka raba wa.

Ina yaro nakan raka shi taron 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu. Sai ya sa kakinsa, ya goge takalmi, ya tsaya a layi da sandarsa. Na kusa da shi ƙirjinsu na ƙyalli, nasa babu komai. Wata shekara wani yaro ya tambaye shi a gabana, "Baba, kai ba ka je yaƙin ba ne?" Bai ce masa uffan ba. Da muka dawo gida ya cire rigar ya ninke, bai ƙara zuwa taron ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ranka ya daɗe, abin da nake nema ba alfarma ba ce, ƙa'idarku ce da kuka rubuta da hannunku. Lambar yabon da ake kira Tauraron Bama ta duk sojan ƙasa ce da ya yi aikin yaƙi a Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Tauraron 1939 zuwa 1945 na wanda ya yi wata 6 a fagen fama ne, kuma ƙa'idar ta ce wanda rauni ko nakasa ko mutuwa ta katse wa aiki ya cancanta ko da bai cika watannin ba. Lambar Yaƙi ta 1939 zuwa 1945 kuwa kwana 28 kacal a cikin kaki take buƙata. Wanda ya yi Habasha da Somaliya yana da Tauraron Afirka a kan waɗannan. A cikin sharuɗɗan nan babu inda aka ce sai ɗan Ingila. Ko da awon da ya fi kowanne tsauri aka auna kakana, lambobi uku nasa ne tun 1945.

Maganar rauni ta fi wannan wuya, kuma ita ta fi damuna. Amurka tana da lambar da take bai wa duk sojan da ya ji rauni. Birtaniya ba ta da irinta. Abin da kuka yi a 1944 shi ne ɗan zare mai ruwan zinariya da ake ɗinkawa a hannun riga na hagu, aka kuma daina shi a 1946. Zare yana tsufa tare da riga. Saboda haka shaidar raunin sojanku guda ɗaya ce tak mai ɗorewa, wato abin da aka rubuta a fayil ɗinsa. Idan ba a rubuta ba, to a wajen hukuma mutumin lafiyarsa ƙalau ya dawo. Ga shi kuma taurarin yaƙin da aka buga a Ingila ba a zana sunan mai su a jiki ba, don haka ko wanda ya karɓi nasa, in sun ɓace a gobara ko ambaliya, takarda ce kaɗai za ta tsaya masa.

Kada a ce irin wannan giɓi a takarda abu ne da ba ya faruwa. Labarin Isaac Fadoyebo sananne ne. Ɗan ƙasar Owo ne, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin jinya a runduna ta 81. A Maris 1944 sojojin Japan suka far wa ayarinsu a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi aka bar shi a cikin gawawwaki. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi a gidansa tare da David Kargbo ɗan Saliyo, suka yi kimanin wata 9 a ɓoye kafin a gano suna raye. Fadoyebo ya iya boko, ya rubuta abin da ya same shi, shi ya sa duniya ta ji kafin ya rasu a 2012. Na Arewa da yawa ajami suka iya, ko ma babu, kuma ba wanda ya je ya tambaye su. Wanda aka kiyaye tarihinsa a cikinsu, kamar Samanja Chari Maigumeri na Barno da aka sa wa barikin Lokoja sunansa, ya nuna cewa in an so a rubuta ana rubutawa daidai.

Akwai kuma matsalar suna, wadda duk Bahaushen da ya taɓa bin sawun takardun kakansa ya ci karo da ita. A wurin ɗaukar soja ba a cika rubuta sunan uba ba. Sunan yanka ake haɗawa da sunan gari, sai ka ga bataliya guda cike da masu suna iri ɗaya, wannan Audu na Katsina, wancan ma Audu na Katsina. Wani ya ɓoye sunansa na gaskiya don kada iyayensa su zo su cire shi. Wani daga ƙasar Faransa ya tsallako, daga Damagaram ko Maraɗi ko Chadi, ya ba da sunan garin da ya kwana. Baturen da ke rubutu kuma yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa. Sunan da ke littafin kakana ba shi ne sunan da ke takardun mahaifiyata ba. To yaya jika zai tabbatar wa ofishin da ke Ingila cewa mutumin nan kakansa ne?

Na san ofishin lambobin yabo na Ma'aikatar Tsaronku da ke Gloucester har yanzu yana ba da lambobin Yaƙin Duniya na Biyu ga tsofaffin sojoji da magadansu da ba su taɓa karɓa ba. Wannan abin a yaba ne. Amma tsarin an gina shi ne don mutanen da ke da takardar haihuwa da takardar mutuwa da suna guda daga goyo har kabari. Kakana ya rasu da hantsi aka binne shi kafin la'asar, kamar yadda addini ya tanada, liman da maƙwabta ne shaidunsa. Haka aka binne kusan duk tsaransa.

Za a iya amsa mini cewa ragamar sojan Najeriya ta bar hannun Landan tun 1958, rundunar Afirka ta Yamma kuma an rushe ta a 1960, don haka in je in nemi gwamnatina. Na yarda gwamnatina tana da nata kason, kuma zan zo kansa. Amma rantsuwar da mutanen nan suka yi, wa Sarki George na Shida suka yi ta. Tambarinsa ne a jikin taurarin, kansa ne a jikin Lambar Yaƙi. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen Bama suna ajiye a gidan adana tarihinku da ke Kew a Landan. Najeriya ba ta da ikon buga Tauraron Bama, ku kaɗai ke da shi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka shi ne na ga kun taɓa gyarawa. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba ko ba a tuna da su sam. Sakataren Tsaronku na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Sannan a ranar 1 ga Nuwamba 2023, a maƙabartar Kariokor ta Nairobi, Sarki Charles da hannunsa ya miƙa wa tsofaffin sojojin Kenya sababbin lambobi a madadin waɗanda suka zubar a zamanin tawayen Mau Mau na yaƙi da mulkin mallaka don tsoron a ce su 'yan koren Turawa ne. A cikinsu akwai Samwel Nthigai Mburia, wanda aka ce shekarunsa 117. Na kalli hotunan na yi hawaye, domin ƙirjin kakana na tuna. Idan an iya mayar wa wanda ya karɓa ya rasa, wanda bai taɓa karɓa ba fa?

Ban manta ba cewa akwai bashin da ya fi wannan nauyi. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa a gabashin Afirka, kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano don kai wa Gwamna kokensu kan alkawuran da ba a cika musu ba, aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Wannan magana ce ta daban, kuma tana nan tana jiran ranarta. Yau ba kuɗi na zo nema ba. Na ajiye shi gefe da gangan don kada a ce abin ya fi ƙarfin ofishinka.

Roƙona shi ne ofishinka ya zauna da Ma'aikatar Tsaron Najeriya da ƙungiyar 'yan mazan jiya, a buɗe teburi guda, a Kaduna in da hali, tunda nan ne gidan adana takardun tarihi na Arewa yake, kuma Zariya inda ake horar da kuratan soja tun 1924 tana kusa. A haɗa abin da ke Kew da abin da ya rage a rumbunan takardun sojanmu, a ɗauki hotonsu a kwamfuta kafin gara da ɗanshi su ƙarasa su. A riƙa bin lambar soja a maimakon suna, domin suna yana canzawa amma lamba guda ce. Inda babu takardar mutuwa, a karɓi wasiƙar hakimi da shaidar liman ko fasto da ta reshen 'yan mazan jiya na ƙaramar hukuma. Hannun hakimai aka bi aka ɗebe su, shaidar hakimai ta isa a dawo musu da abinsu.

Kuma in an samu a rajistar asibiti ko a littafin bataliya cewa soja ya ji rauni, a rubuta a fayil ɗinsa, a ba iyalinsa takarda mai hatimi da ke faɗin rana da wuri. Wannan ya fi mini ƙarfen kansa. Ina so 'ya'yana su riƙe takardar da ta ce kakan mahaifinsu ba da gurguntaka aka haife shi ba.

Sanarwar kuma kada a tsaya da ita a shafin intanet da Turanci. Sashen Hausa na BBC yana magana da mu tun 1957, ga gidajen rediyon jihohi, ga masallatan Juma'a da majami'u. Mako guda ana faɗa, za ka ga akwatunan ƙarfe suna fitowa daga ƙarƙashin gadaje.

A fara da masu rai, don Allah. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 16 a 1943 yanzu yana bakin 100. 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma kowace damina tana tafiya da wasu. An yi bikin cika shekara 80 da ƙare yaƙin Japan a Agustan 2025, kuma ba na jin akwai wani babban biki nan gaba da zai same su a raye. Kada a ce su zo Abuja. A je musu har gida, ko a fadar sarkinsu, a gaban jikokinsu da mutanen unguwa.

Ga hukumominmu na gida da za su ga wannan wasiƙa, ina roƙonku ku buɗe rumbunan takardunku ku ba da haɗin kai, kada a bar baƙo ya fi mu damuwa da iyayenmu. Darasin kuma bai tsaya a Bama ba. Akwai waɗanda suka bar ƙafa ko ido a yaƙin basasa, da Laberiya da Saliyo, da dajin Sambisa da bakin Tafkin Chadi. Duk sojan da aka kwasa daga fagen fama a kan makara ya rabu da bataliyarsa da akawunta, kuma daga nan ne takarda ke fara samun giɓi. A duba fayil ɗin kowane mai rauni tun yana da bakin faɗin abin da ya same shi. Ga masu martaba sarakunanmu, ina roƙon ku sa hakimai da dagatai su tattara sunaye da lambobin tsofaffin sojojin ƙasarsu, rayayyu da matattu. Ga 'yan'uwana jikokin mazan jiya kuma, ku nemo littattafan nan yau, ku ɗauki hotonsu da waya, ku tambayi tsofaffin gida sunan da kakanku ya shiga soja da shi tun suna iya tunawa.

Ranka ya daɗe, littafin kakana yana hannuna, na sa shi a leda na rufe. Lambarsa mai karantuwa ce, mahaifiyata kuma tana raye, ita ce 'yarsa ta ƙarshe da ta rage, shekarunta sun haura 70. Duk ranar da aka buɗe teburin nan zan kawo ta da littafin, ita za ta karɓa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa a gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Jikan wani sojan Bama, daga Zariya